Darasi na Goma Sha Huɗu: Kasuwanci ta Kafafen Sada Zumunta

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana ma'anar kafafen sada zumunta tare da kawo misalansu;
2. faɗin yadda ɗan kasuwa ke tallata hajarsa ta waɗannan kafafe;
3. yin ciniki da Hausa cikin ladabi, da baki ko a rubuce;
4. gane hanyoyin kauce wa damfara;
5. bambance tsakanin saya, sayi, saye da sayar.

A. KARATU

Talla jiya da yau

Duk wanda ke da abin sayarwa yana bukatar mutane su san da shi. Hanyar sanar da su ita ake kira talla. A ƙasar Hausa, tun zamanin da, 'yan mata kan ɗauki fura ko ƙosai ko gyaɗa a kai, su bi lungu-lungu suna kiran sunan abin da suka ɗauko. Ɗan koli kan baza allura da zare da madubi a bakin hanya domin mai wucewa ya gani. Dillaliya kan shiga gida-gida da tufafi da kwanuka, ta nuna wa matan aure, idan an saya ta karɓi la'adarta. Fatake kuwa sukan yi wata da watanni a kan hanya da jakunansu, su kai kanwa da fatu da tufafi har Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau, su komo da goro. Daga baya aka sami jarida da rediyo da talabijin, amma talla a cikinsu akwai tsada, sai mai babban jari.

A shekarar 2001 ne layukan wayar salula na GSM suka fara aiki a Nijeriya. Da farko kira da gajeren saƙo kawai ake yi. Da wayoyi masu shiga intanet suka yawaita, sai ƙananan 'yan kasuwa suka sami wata sabuwar rumfa wadda ba a biyan kuɗin hayarta. A yau mai ɗinka takalma a kasuwar Ariaria da ke Aba yana iya ɗaukar hoton takalmi da safe, kafin azahar wata mai shago a Kano ta gani, ta taya, su daidaita, alhali ba su taɓa ganin juna ba. Haka nan mai atamfa a Kantin Kwari kan sami masu saye daga Fatakwal da Anaca. Mai tumatir da albasa kuma yakan ji farashin kasuwar Mile 12 ta Legas tun kafin ya yi lodi daga Arewa.

Sai dai akwai wani abin lura. A kasuwar ido da ido, mai saye yana taɓa kaya, ya juya su, ya ɗanɗana idan abin ci ne. A waya babu wannan dama. Hoto da magana kaɗai yake da su, kuma sau da yawa shi zai fara tura kuɗinsa kafin ya ga kaya. Don haka cinikin waya ya rataya ne a kan amana. Wannan darasi zai nuna yadda ake samun wannan amana da kuma yadda ake rasa ta.

Kafafen da aka fi amfani da su

Kafafen sada zumunta manhajoji ne da shafuka na intanet da mutane ke haɗuwa a cikinsu, su yi hira, su aika wa juna rubutu da hoto da murya da bidiyo. Asalinsu don zumunci aka yi su, shi ya sa aka ba su wannan suna. Amma duk inda jama'a suka taru, kasuwa kan ci.

Facebook ya fara aiki a shekarar 2004 a Amurka. Mark Zuckerberg ne ya kafa shi tare da abokansa, lokacin suna ɗalibai a Jami'ar Harvard. A cikinsa ɗan kasuwa na iya buɗe shafi da sunan sana'arsa, daban da shafinsa na kansa. Instagram ya fito a 2010, kuma ya fi ƙarfi wajen hoto da gajeren bidiyo. Saboda haka masu tufafi da kayan kwalliya da abinci suka fi son sa. WhatsApp ya fito a 2009. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sannan a 2021 ya canja sunansa zuwa Meta. TikTok na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin, kuma gajeren bidiyo ake kallo a cikinsa. Twitter ya fara a 2006, an mayar da sunansa X a 2023, kuma manyan kamfanoni kan yi amfani da shi wajen sanarwa da sauraren koken jama'a.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa a Nijeriya, WhatsApp ne ya fi kusa da hannu. A 2018 aka fitar da wani nau'insa na 'yan kasuwa mai suna WhatsApp Business. A cikinsa mutum na iya rubuta sunan shagonsa da adireshi da lokacin buɗewa, ya jera hotunan kaya tare da farashinsu, ya kuma tanadi saƙon maraba da zai tafi da kansa ga duk wanda ya yi masa magana. Akwai kuma sashen da ake ɗora hoto ko bidiyo ya ɓace bayan sa'o'i 24, inda mutane da yawa ke nuna sababbin kayan da suka sauke a ranar. Masu hikima sukan haɗa kafa biyu: su jawo hankalin jama'a a Instagram ko Facebook, sannan su ƙarasa ciniki a WhatsApp.

Yadda ake tsara talla

Talla mai kyau takan amsa tambayoyin mai saye tun kafin ya yi su. Mene ne kayan? Da me aka yi su? Wane launi da wane girma ake da su? Nawa ne? Daga ina za su taso, kuma yaya za su iso? Ga misali:

Sababbin takalman maza, ɗinkin Aba. Samansu fata, ƙasansu roba. Akwai baƙi da ruwan ƙasa, lamba 40 zuwa 45. Ɗaya naira 6,500, dozin naira 72,000. Muna aikawa ko'ina a Nijeriya ta tasha. Sai kun zo.

Ku lura da abu uku a wannan talla. Na farko, gajeriya ce, domin mai duba waya ba ya daɗewa a kan rubutu ɗaya. Na biyu, an faɗi farashi a fili. Wasu kan ɓoye farashi, su ce sai an tuntuɓe su. Wannan yakan sa mai saye ya yi zargin cewa kowa da kuɗin da ake yanka masa, sai ya wuce abinsa. Na uku, an faɗi gaskiya cewa ƙasan takalmin roba ne, ba a ce fata ce zalla ba.

Hoto shi ne rabin talla. Ya kamata a ɗauke shi da rana, a wuri mai haske da tsabta, a nuna gaba da baya. Babban kuskure shi ne a ɗauko hoton kayan wani daga intanet a ce na mutum ne, ko a gyara launi har ya saɓa wa ainihin abin. Ranar da kaya suka isa hannun mai saye, gani zai kori ji. Idan abin da ya buɗe ya bambanta da abin da ya gani a hoto, an yi asarar abokin ciniki, har da duk waɗanda zai ba labari.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kasuwar tufafi da takalma takan buɗe gab da Sallah da Kirsimeti, ta jakunkuna da littattafai kuma lokacin komawa makaranta. Mai hankali yakan fara talla makonni kafin lokacin. Amma bai dace a cika mutane da hotuna dare da rana ba, ko a jefa talla a zauren WhatsApp da aka buɗe don wata manufa daban, kamar na 'yan uwa ko na makaranta, ba tare da izinin shugabannin zauren ba. Wanda ke da hali yana iya biyan Facebook ko Instagram su nuna tallarsa ga mutanen wani gari da ya zaɓa. Wasu kuma sukan biya masu yawan mabiya, kamar 'yan fim da mawaƙa, su tallata musu kaya.

Magana da abokin ciniki

Hausawa kan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A waya ba a ganin fuska, don haka kalmomi ne ke yin aikinta. A al'adar Hausa ba a fara ciniki sai an gaisa. Wanda ya rubuta wa dattijo "Nawa?" kawai, ko ya amsa masa da lamba tsura, ya nuna rashin ladabi ko da bai yi niyya ba. A fara da sallama ko barka, a tambayi aiki da iyali, a kira mutum da sunan girmamawa kamar Malam, Malama, Alhaji, Hajiya, Baba ko Mama. Wannan ba ya cin minti ɗaya, amma yakan buɗe zuciya.

Ga ɗalibin da ke koyon Hausa, a nan akwai riba ta musamman. Bahaushe yakan ji daɗi ƙwarai idan Bayarabe ko Ibo ko mutumin Kalaba ya yi masa magana da harshensa, ko da akwai 'yan kurakurai. Kuma ba kowane ɗan kasuwa ne ke karanta rubutun boko da sauri ba. Da yawa sun fi son saƙon murya. Wanda ya iya faɗin farashi da launi da ranar isowar kaya da Hausa mai daɗi ya riga abokan sana'arsa zuwa.

Dole ne kuma a riƙa amsa saƙo da wuri, domin mai saye yana da wasu shagunan a cikin wayarsa. Idan aka kawo ƙorafi, a saurara da haƙuri. Idan laifin mai kaya ne, ya amsa, ya ba da haƙuri, ya canja kayan ko ya mayar da kuɗi. Kada a yi cacar baki a bainar jama'a. Magana zarar bunu ce. Zagin da aka rubuta cikin fushi ana iya ɗaukar hotonsa a yaɗa, ya zubar da sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Biyan kuɗi da aika kaya

Yawancin cinikin waya ta banki ake biyan kuɗinsa. Wannan ɗabi'a ta ƙara yaɗuwa a farkon shekarar 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun kuɗi bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. A lokacin har masu ƙananan sana'o'i suka koma karɓar kuɗi ta asusu. Kaya kuma akan ba direba a tasha, ko kamfanin kai saƙo, ko ɗan aike mai babur idan cikin gari ne. Ya kamata tun farko a yi magana a kan wanda zai biya kuɗin mota, a kuma tura wa mai saye lambar direba da hoton kayan bayan an ɗaure su.

A wannan gaɓa ce 'yan damfara suka fi yin ɓarna. Wani zai turo hoton rasit ko alat na bogi, ya matsa a saki kaya da gaggawa. Maganin wannan shi ne kada mai kaya ya saki komai sai ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗi sun shiga. Wani kuma zai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya nemi lambar sirri ta kati ko lambar da aka turo ta saƙo. Banki ba ya neman waɗannan lambobi ta waya. Haka nan wanda ya ba wani lambobi shida da WhatsApp ke turowa ya miƙa masa shagonsa ne dungurungum, domin ɓarawon zai karɓe shafin, ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunansa.

Mai saye ma yana bukatar lura. Ya duba ko shafin ya daɗe, ko sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da na mai kaya, ya nemi a nuna masa kayan ta kiran bidiyo. Idan karon farko ne, ya fara da kaɗan. Idan kuma farashi ya yi sauƙin da hankali ba zai ɗauka ba, ya tuna cewa araha ba ta ado.

Doka da hattara

Kasuwancin waya bai fita daga ƙarƙashin doka ba. Hukumar CAC ce ke yi wa sunayen kasuwanci da kamfanoni rajista, kuma rajista takan ƙara wa ɗan kasuwa kwarjini a idon masu saye. Magunguna da kayan shafa da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe don sayarwa suna bukatar lambar hukumar NAFDAC. Hukumar FCCPC tana karɓar koken masu saye da aka cuta. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda ta tanadi hukunci ga masu damfara, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Saboda haka bai kamata a wallafa hoton abokin ciniki ko lambar wayarsa ko adireshinsa ba sai da yardarsa.

Wani abin hattara shi ne, wannan rumfa aro ce, ba ta ɗan kasuwa ba ce. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, waɗanda suka dogara da shi kaɗai suka shiga wani hali. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'o'i shida. Waya ma takan ɓata, ko a sace ta. Don haka yana da kyau a rubuta sunaye da lambobin abokan ciniki a littafi, tare da lissafin bashi da na riba.

Ɗalibin da ke sha'awar gwada wannan sana'a ya yi da sanin iyayensa, ya kuma ware mata lokacin da ba zai taɓa karatunsa ba. Jarin farko da yake bukata shi ne gaskiya da iya magana. Waya takan kawo mai saye sau ɗaya, amma amana ce ke dawo da shi, har ya zo da wani.

B. MA'ANAR KALMOMI

haja: kayan sayarwa
talla: sanar da jama'a abin da ake sayarwa
jari: kuɗin da aka fara kasuwanci da su
riba: abin da ya ƙaru a kan jari, kishiyarta ita ce asara
sari: sayen kaya da yawa domin a sake sayarwa
tayi: kuɗin da mai saye ya ce zai biya
ragi: rage farashi
albarka: kalmar da mai kaya ke faɗa idan tayi bai yi masa ba
sallamawa: yarda da tayin mai saye
la'ada: ladan da ake ba dillali
manhaja: tsarin da ake sa wa waya ko kwamfuta domin yin wani aiki
mabiya: masu bibiyar shafin wani
na bogi: na ƙarya, wanda ba na ainihi ba
damfara: karɓe dukiyar mutum ta hanyar yaudara
ƙorafi: nuna rashin jin daɗin wani abu
amana: riƙon gaskiya a kan abin da aka yarda da mutum

C. TATTAUNAWA

Wani saurayi mai ɗinka takalma a Aba, wanda ya koyi Hausa a makaranta, yana ciniki ta WhatsApp da wata Hajiya mai shago a Kano.

Hajiya: Salamu alaikum. Na ga hoton takalman da ka ɗora jiya.
Mai takalma: Amin, alaikumus salam, Hajiya. Barka da rana. Yaya kasuwa?
Hajiya: Kasuwa alhamdu lillahi. Ashe kana jin Hausa, ɗana?
Mai takalma: Kaɗan-kaɗan, Hajiya. A makaranta na koya.
Hajiya: Madalla. To, takalman nan fata ce zalla?
Mai takalma: A'a, Hajiya. Samansu ne fata, ƙasansu roba ce, amma mai ƙarfi. Bari in turo miki bidiyo ki gani.
Hajiya: Na gani, sun yi kyau. Nawa dozin?
Mai takalma: Naira 72,000.
Hajiya: Kai, ɗana, sun yi tsada! Sari fa zan yi. Na saya 60,000.
Mai takalma: Albarka, Hajiya. Fata ta yi tsada bana. Ki ƙara wani abu.
Hajiya: To, 66,000, kuma dozin biyu nake so.
Mai takalma: Na sallama. Dozin biyu ya kama naira 132,000. Kuɗin mota kuma ke za ki ba direba idan kaya sun iso.
Hajiya: Na yarda. Amma tun da ban san ka ba, zan tura rabi yanzu, in cika idan na karɓi kaya.
Mai takalma: Babu laifi, Hajiya. Ga lambar asusuna. Ki duba sunan kafin ki tura.
Hajiya: Na tura. Ga rasit.
Mai takalma: Ki ɗan yi haƙuri in duba asusun. Yauwa, sun shigo. Gobe da safe zan kai tasha, in turo miki lambar direba.

Bayan kwana uku.

Hajiya: Ɗana, kaya sun iso, amma biyu daga ciki ɗinkinsu ya buɗe.
Mai takalma: Ayya, ki yi haƙuri, Hajiya, laifina ne, ban duba da kyau ba. Ki cire kuɗinsu, naira 11,000, daga abin da ya rage.
Hajiya: Allah ya yi maka albarka. Na tura 55,000. Ka shirya mini dozin huɗu kafin Sallah, kuma zan ba maƙwabciyata lambarka.
Mai takalma: Na gode, Hajiya. Allah ya ƙara kasuwa.

D. NAHAWU: SAYA, SAYI, SAYE DA SAYAR

Akwai wasu aikatau a Hausa da ƙarshensu ke canjawa gwargwadon abin da ya biyo bayansu. Abin da aiki ya faɗa wa shi ake kira karɓau.

Idan babu karɓau a bayan aikatau, ƙarshensa -a ne: Na saya.
Idan karɓau suna ne, ƙarshensa -i ne: Na sayi takalmi.
Idan karɓau wakilin suna ne, ƙarshensa -e ne: Na saye shi.

Ga wasu aikatau masu bin wannan tsari:

Ta karɓa. Ta karɓi kaya. Ta karɓe su.
Mun zaɓa. Mun zaɓi atamfa. Mun zaɓe ta.
Ya ɗauka. Ya ɗauki hoto. Ya ɗauke shi.
Sun tambaya. Sun tambayi direba. Sun tambaye shi.

Sayar kuwa kishiyar saya ce. Mai ba da kuɗi shi ke saya, mai ba da kaya shi ke sayarwa. Idan karɓau ya biyo bayan sayar, sai an sa da a tsakani: Hajiya ta sayar da takalma. Ta sayar da su. Masu koyo sukan rikita waɗannan biyu, kuma a ciniki kuskuren yana da haɗari, domin "Zan sayi waya" da "Zan sayar da waya" ma'anarsu ta saɓa wa juna. Ku lura kuma cewa saye takan zo a matsayin suna, kamar a cikin saye da sayarwa ko mai saye.

E. KARIN MAGANA

1. Gani ya kori ji: abin da ido ya gani ya fi labari ƙarfi.
2. Araha ba ta ado: abu mai sauƙin kuɗi da yawa ba ya cika yin kyau.
3. Sayen na gari, mayar da kuɗi gida: wanda ya sayi abu mai inganci bai yi asara ba.
4. Magana zarar bunu ce: idan ta fita ba ta komawa.
5. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ƙarya ba ta daɗewa asirinta yake tonuwa.

F. TAMBAYOYI

1. Kawo hanyoyi uku da Hausawa ke talla da su a zamanin da.
2. Me ya sa aka ce cinikin waya ya rataya a kan amana?
3. Waɗanne kafafe biyu ne kamfanin Facebook ya saya, kuma a waɗanne shekaru?
4. Faɗi abubuwa biyar da ya kamata talla ta ƙunsa.
5. Yaya mai kaya zai kare kansa daga alat na bogi?
6. Me ya sa ya kamata a rubuta lambobin abokan ciniki a littafi?
7. A cikin tattaunawa, waɗanne abubuwa biyu mai takalma ya yi da suka sa Hajiya ta ƙara neman kaya?
8. Wane karin magana ne ya fi dacewa da mai gyara launin hoto don ya ruɗi masu saye? Bayyana dalilinka.

Cike gurbi da saya, sayi, saye ko sayar:

a. Malama ta ______ jaka a kasuwar Bodija.
b. Takalman sun yi mini kyau, don haka na ______ su.
c. Mai shago ya ______ da duk hajarsa kafin Kirsimeti.
d. Idan ka yi mini ragi zan ______.
e. Wa ya ______ wannan waya, ya ba ka?

G. AIKIN AJI DA JINGA

Aikin aji: Ɗalibai su kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai kaya, ɗaya mai saye. Su yi ciniki da Hausa a gaban aji, tun daga gaisuwa har zuwa sallamawa, suna amfani da kalmomin tayi, ragi da albarka.

Jinga: Zaɓi wani abu da ake yi ko ake nomawa a garinku, kamar manja, garin rogo, adire, doya ko busasshen kifi. Rubuta tallarsa da Hausa cikin jimloli biyar zuwa bakwai, yadda ɗan kasuwa a Kano ko Sakkwato zai karanta ya fahimta. Bayan haka, rubuta amsar da za ka ba shi idan ya ce kayan sun iso a makare.